Me ya hana a ja layin dogo zuwa filin jirgin Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Daga Ringim nake. Kwanaki na raka Baba filin jirgin Malam Aminu Kano zai tafi Umara, gosulon Yankaba saura kaɗan ya sa jirgi ya tashi ya bar shi. Na ji ance a Abuja jirgin ƙasa na kai mutum har filin jirgi, to mu me ya hana a yi mana irinsa a Kano ko Dutse?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya karɓi ibadar Baba ya dawo mana da shi lafiya.

Eh Abuja na da shi. A 2018 aka buɗe shi zamanin Buhari, kamfanin CCECC na China ne ya yi aikin da bashin da aka ciyo daga can, yana tashi daga tsakiyar gari ya bi ta Idu har filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Amma fa a 2020 da korona ta zo aka tsayar da shi, ya yi kusan shekara huɗu a ajiye, sai a Mayun 2024 aka dawo da shi kuma kyauta aka fara ɗaukar mutane. Ciwon da ke jikinsa tun farko shi ne tashoshi da yawa an dasa su nesa da unguwannin jama'a, mutanen Nyanya da Mararaba kuwa da suke tururuwa cikin Abuja kullum da asuba layin ko kusa da su bai je ba.

Toh kaga jirgin ƙasa ba kamar ɗan sahu bane da in babu fasinja zai faka ya kashe inji, ko mutum goma ya ɗauka ko dubu sai an biya direba da masu gadi da masu duba layi, an sayi dizal ko wuta, ga bashi na ta haihuwa. Abin da ke riƙe shi jama'a ne masu yawa, kullum, safe da yamma. Filin jirgin Heathrow na Landan shi kaɗai yana ganin fasinja sama da miliyan 80 a shekara, mu kuwa duk filayen jirgin Najeriya in ka haɗa su ko kwatan wannan ba su kai ba. Sannan ka duba wa ke hawa jirgin sama a wajenmu: ko mai motar kansa, ko irin Baba da jaka biyu da 'yan rakiya mota guda, wanda ba zai yarda ya yi ta sauke kaya yana lodawa a tarago ba. Maniyyata kuma a bas ake kwasar su daga sansanin alhazai, jigilar ma 'yan makonni ce a shekara. Ka ja musu layi na musamman kamar ka haƙa rijiya ne don baƙon da ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Wanda ya burge ni shi ne na Saudiyya, wataƙila ma Baba ya hau shi. Jirgin Haramain da aka buɗe a 2018 Makka da Madina ya haɗa, kilomita kusan 450, filin jirgin Jidda tasha ɗaya ce kawai a cikin tashoshinsa. Haka ya kamata, layin ya zama na jama'a ne sai filin jirgi ya ci albarkacinsa.

Filin jirgin Kano ai a cikin gari yake, daga Sabon Gari ko Fagge ba wata tafiya bace, kai ma da bakinka ka ce Yankaba ce ta riƙe ku. Na Dutse kuwa jiragen da ke sauka ba su taka kara sun karya ba. Ni abin da ke ci min rai shi ne tsohon layin Kano zuwa Nguru da ya ratsa ta Ringim ɗinku da Gagarawa da Malam Madori tun 1930, da za a gyara shi jirgi ya riƙa tashi kan lokaci da kai da Baba kun shigo Kano ba ku ga Yankaba ba, kuma shi ne zai ɗauko riɗi da zoɓo da ɗalibai da marasa lafiya masu zuwa asibiti. Ga kuma na Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a 2021, mai bi ta Dambatta da Kazaure da reshe zuwa Dutse, a ƙarasa shi tukuna.

In Kano ta tashi yin jirgin cikin gari, nan ne zan ce lallai a bi da shi ta filin jirgi, don masu shara da masu ɗaukar kaya da jami'an kwastan da na shige da fice kullum sai sun je aiki, su ne fasinjan da ba sa yankewa. Kuma tun yanzu ya kamata gwamnati ta shata inda layin zai bi ta hana gini a kai, don in aka bari gidaje suka cike wajen kuɗin diyya kaɗai sai ya cinye babban kaso na kuɗin aikin.