Baba ya koma cin abinci sau ɗaya wai don ya daɗe bai tsufa ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Lokotoro. Daga Tahoua nake rubuto maka. Babanmu ya haura shekara 65, yana da ciwon suga yana shan glibenclamide. Wani vokal ya ji a WhatsApp wai Turawa sun gano rage cin abinci yana hana tsufa, tun daga nan sai dare yake ci, ko hurar rana ya bari. Ya rame sosai, jiya da azahar jiri ya kwashe shi yana ta zufa, shi kuma cewa yake dattin jiki ne ke fita. Wallahi hankalina a tashe yake, gaskiya ne abin nan?

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Zufar nan da jirin alamar suga ce da ta faɗi, ba wani datti da ke fita. Glibenclamide ba ruwansa da ko mutum ya ci ko bai ci ba, aikinsa yake yi, in cikin ba komai sai sugar ta sauka ƙasa da 0,70 g/l, kuma ga dattijo hakan na iya kai shi ga suma ko abin da ya fi haka. In ya sake yi, ki jiƙa mishi sukari ƙwaya uku ya sha nan take, ya bi da abinci. In ya fita hayyacinsa kar a ɗura mishi komai a baki, a kai shi asibiti da gaggawa.

Batun binciken kuwa akwai shi, ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Tun 1935 aka ga ɓerayen da aka rage wa abinci a jami'ar Cornell ta Amurka sun fi ƴan uwansu daɗewa. Da aka zo kan birai sai sakamako ya rabu biyu, na jami'ar Wisconsin ta Amurka a 2009 ya nuna amfani, na cibiyar binciken tsufa ta Amurka (NIA) a 2012 bai ga ƙarin kwana ba. Ga mutane akwai binciken da ake kira CALERIE, mutum ɗari biyu da ƴan kai, shekara biyu, an so su rage kashi 25 cikin ɗari na ƙarfin abincinsu amma kusan 12 suka iya. Tansiyo da kitsen jini sun gyaru, alamar tsufa a jini ta ɗan yi sanyi kaɗan, ƙashi kuma ya ɗan rage ƙarfi. Ba a bi su har ƙarshen rayuwa ba, don haka ba wanda ya isa ya ce ya ƙara musu shekaru. Kuma ki lura, lafiyayyu ne ƴan shekara 21 zuwa 50, ba mai ciwon suga a cikinsu.

To ga abin da ke ƙona min rai, kullum sai na ci karo da shi a wurin aiki. Mutane sun ɗauka rage abinci da zama da yunwa abu ɗaya ne. Waɗancan da aka yi bincike a kansu ana auna musu komai, nama, wake, ganye, bitamin, ba abin gina jiki ko ɗaya da ya ragu, ƙarfin abincin kawai aka sassauta, ga likitoci a kansu. Baba kuwa me ya rage? Hura da nono, wato ainihin abin da ke riƙe mishi tsoka, ya tsaya a kan tuwon dare da ƴar miya. Wannan tamowa ake kiransa, kuma mu a Nijar ba sai an yi mana darasi a kan tamowa ba, mun ga 2005 da idonmu, ba mu ga wanda yunwa ta ƙara wa lafiya ba. Tsoho in ya rame tsoka ce ke tafiya, daga nan ƙafa ta yi rauni, ya faɗi a makewayi ƙugu ya karye, ga tari ga zazzaɓi duk sun samu ƙofa. Ko a ɓerayen ma, wani babban bincike na 2024 ya nuna waɗanda ba su zube sosai ba su suka fi daɗewa. Amma mai vokal ba zai faɗi haka ba, don a ƙarshen maganar akwai lambar waya da shayin wanke ciki na sayarwa, mafi yawansa maganin sa zawo ne kawai. Mutum bai taɓa riƙe hannun mara lafiya ba, ya zauna yana raba wa iyayen mutane fatawar likita, in an kwantar da su ba ya nan! Ku ji tsoron Allah dan Allah. Shi hadisin da suke fakewa da shi ma, na raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, cika ciki ya hana, bai ce a wuni da yunwa kan maganin suga ba.

Wani abu kuma, kar ki ɗora ramar duka a kan rashin ci. Suga da ta ƙi saituwa tana ramarwa, tarin fuka ma haka, har da cututtukan da suka fi su. Ki kai Baba CSI ko babban asibiti cikin satin nan, ki tafi da kwalin maganin, a auna kilo da suga, a duba ƙoda, likita ya ga ko za a canja mishi magani. Kafin nan ya koma ci sau uku, kaɗan-kaɗan, hura ba sukari, wake, ƙwai, zogale. In rage wani abu yake so, ya fara da sukarin shayi da lemun kwalba. Kuma ki lallaɓa shi, kar ki ce mishi an yaudare shi, in akwai wani ƙaninsa ko limamin da yake jin maganarsa ki sa su a ciki. Allah ya ba shi lafiya.