Amsar Malam ga mai son koyar da siyasar tattalin arziki a jami'a

Assalamu alaikum warahmatullah, jama'ar guruf, barkanmu da yamma. Ƙanenmu da ya yi tambaya jiya, ya ce ya gama digirin farko a tattalin arziki, ya gama bautar ƙasa, yana son ya zama malamin jami'a a fannin siyasar tattalin arziki da nazarin hukumomi, ta ina zai fara, kuma abin yana riƙe mutum kuwa? Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

To ƙanena, kafin ka sayi fom ɗin digiri na biyu, ka samo tambayar da za ta hana ka barci. Kuma ba sai ka je nesa ba, hau mota ka sauka Kakuri, unguwar masaƙu a nan Kaduna. Masaƙar KTL tun 1957 ta fara aiki, UNTL ta biyo baya, ga Arewa Tekstayil, dubban mutane suna shiga aiki dare da rana, unguwanni sukutum sun rayu da albashinsu. Yau je ka ga ciyawa a harabar. Me ya faru? Mai lissafin tattalin arziki zalla zai ce maka kuɗin sarrafawa ya fi na kasuwa, shi kenan. Gaskiya ne, amma mu a fanninmu daga nan aiki yake farawa. Wa ya yanke shawarar rushe hukumar auduga a 1986 lokacin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, kuma me ya sami manomin Funtuwa da Gusau bayan nan? Da darajar naira ta faɗi, yaya masaƙa ta yi da kayan gyaran injin da take sayowa daga waje? Ga matsalar wuta, ga tsadar baƙin mai. Dokar hana fasa-ƙwaurin atamfa tana nan a takarda, to me ya sa ba ta aiki a bakin iyaka, su wa suke cin moriyar rashin aikinta? Ka ga wannan tambaya ta ƙarshe, wallahi ita kaɗai ta isa digirin digirgir.

Fannin kenan: wa ya kafa ƙa'ida, wa yake tilasta ta, wa ya samu, wa ya rasa. Douglass North, wanda ya sami kyautar Nobel a 1993, ya nuna cewa ƙa'idojin da ba a rubuta ba, irin su al'ada da amana, suna juya tattalin arziki kamar yadda rubutacciyar doka take juya shi. Elinor Ostrom kuma, mace ta farko da ta sami kyautar a wannan fanni a 2009, ta bi makiyaya da masunta da masu noman rani ta nuna yadda jama'a kan tsara wa kansu dokar amfani da dukiyar da suka yi tarayya a kanta, ta kuma ɗore. In ka karanta ta, burtali da mashaya da aikin sarkin ruwa za su faɗo maka a rai. Amma don Allah kada ka tsaya kan Turawa. Ka karanta Claude Ake, ka karanta marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na nan Zariya, ka ga yadda ake kafa hujja da takardun tarihi ba tare da tsoron kowa ba.

Kuma Allah ya yi maka gata da kake Kaduna. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana nan, cike da fayilolin En'e, na haraji da jangali da filaye. Ga Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi. Mutane daga Ingila da Amurka suke biyan kuɗin jirgi su zo su karanta abin da kai da kuɗin keke napep za ka isa gare shi. Yana yi min ciwo in ga ɗalibinmu ya rubuta kundi a kan haraji bai taɓa buɗe fayil ɗaya a can ba, bai kuma zauna da ɗan kasuwa ɗaya a Kasuwar Barci ya ji yadda ake karɓar kuɗin rumfa ba.

Sai lissafi. Kada ka guje shi. Ka koyi ƙididdiga sosai, ka iya aiki da manhaja irin Stata ko R, domin mujallu masu daraja yanzu suna son labari da alƙaluma a tare.

Batun matakai kuwa sananne ne: mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Yawanci shekara 3 ne tsakanin mataki da mataki, kuma ba digirin digirgir ba maƙaloli, ba inda za ka. Ka nemi gurbi a ABU ko KASU, amma ka fi damuwa da wanda zai duba aikinka fiye da sunan makarantar. Ka tambayi ɗalibansa a ɓoye, yana karanta babi in an kai masa? In ka samu aiki, akwai tallafin TETFund na ƙaro karatu, akwai kuma ƙungiyar CODESRIA da ke Dakar mai horar da matasan masu bincike.

Yanzu tambayarka ta biyu. Ba zan ɓoye maka ba, albashin bai kai wahalar ba. A 2022 wata 8 malaman jami'a suka yi suna yajin aiki, gidaje da yawa sun ji jiki. Wasu suna cike giɓin da aikin bincike na ƙungiyoyi, halas ne, amma na ga waɗanda ya cinye har suka daina nasu rubutun. In arziki kake nema da sauri, ka nemi wata hanya tun yanzu, ba laifi ba ne. In kuwa ka wuce Kakuri zuciyarka ta ƙi yin shiru, to muna buƙatarka ƙwarai, domin masu wannan aiki a Arewa ba su da yawa.

Ka rubuta min shafi biyu a kan tambayar da ka zaɓa, ka turo ta lambata kafin ƙarshen wata, in sha Allahu zan duba mu zauna. Allah ya yi jagora. Wassalamu alaikum.