Amsar Baba dattijo kan maganar "kada a taɓa shafaffe" (murya ce, an rubuta saboda masu ƙarancin data)

Salama gare ku 'yan'uwa. To, na saurari muryar da 'yata ta ajiye a guruf jiya da dare. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi wani baƙon mai wa'azi ya zo taron farkawa a unguwarsu, ya ɗaga kwalbar man zaitun ya ce duk mai neman haihuwa ko aiki ya shuka iri, wato ya ba da kuɗi, ya karɓi kwalba, ita kuma bayan an tashi ta je ta tambaye shi a wace aya aka rubuta haka, sai mutanensa suka taso mata wai kada ta taɓa shafaffe na Ubangiji, la'ana za ta bi ta. Shi ne take tambaya ko ta yi zunubi.

'Yata, kwantar da hankalinki, ba ki yi zunubi ba. Ayar da suka tsorata ki da ita tana Zabura 105 aya 15, ki buɗe, amma don Allah ki fara daga aya 8 ki gangaro. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah ya tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Sarakuna fa aka ja wa kunne, masu iko, don a kare marasa ƙarfi. Yanzu an juya ta, mai iko ke ɗaukarta yana rufe bakin talaka. Ko Dawuda da ya ƙi kashe Saul a kogo, 1 Sama'ila 24, a wannan surar dai ya fito ya gaya wa Saul laifinsa ido da ido.

Shi man kuma, e, akwai shi a Yakubu 5 aya 14, mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Ku nuna mini inda aka sa farashi a wurin. Babu. Wanda ya kawo kuɗi don ya sayi baiwar Allah shi ne Siman mai sihiri a Samariya, Ayyukan Manzanni 8, kuma kun san abin da Bitrus ya gaya masa, kuɗinsa su hallaka tare da shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, iyayenmu da fitilar aci-balbal suka koyi baƙi don su karanta da kansu, mu ga shi har a waya amma sai mai wa'azi ya ce "Littafi ya ce" kowa ya ɗaga hannu amin, ba wanda ya buɗe. Ko masara kika je saye a kasuwa ai sai an auna mudu a gabanki. Mutanen Biriya, Ayyukan Manzanni 17 aya 11, Bulus ne fa da kansa ke musu wa'azi, suka karɓa da murna, amma kowace rana suna bincika Nassosi su ga ko haka ne, kuma yabonsu aka yi. A Antakiya Bulus ya tsaya gaban Bitrus ya tsawata masa da ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, Galatiyawa 2. Bitrus guda fa.

Amma matasa ku ji ni da kyau, don na ga wasu har sun fara tura hoton mutumin suna zagi. Wannan ban yarda da shi ba sam. Ibraniyawa 13 aya 17 tana nan, a yi biyayya ga shugabanni, kuma yawancin fastocinmu na karkara wahala suke sha, wani albashinsa bai kai buhun shinkafa ba, ga noma ga jana'iza ga ziyarar marasa lafiya, kada a haɗa su da 'yan kasuwar mai. In ka ji abin da bai kwanta maka ba, rubuta ayar, karanta surar gaba ɗaya a gida, sa'an nan ka same shi shi kaɗai cikin ladabi, ka ce Baba Fasto ban gane wurin nan ba a taimake ni. Haka Akila da matarsa suka ja Afolos mai wa'azi gefe a Afisa suka ƙara masa haske, kuma ya karɓa. In ya ƙi ji sai a kai wa dattawa, da shaidu biyu ko uku kamar yadda 1 Timoti 5 aya 19 ta ce.

Ke 'yata kada ki kai ko sisi. Maganar haihuwa kuma ki zo ke da maigidanki mu yi addu'a, mamanku ta zumuntar mata za ta raka ki asibiti a duba ku duka biyu. Ranar Laraba a nazarin Littafi Mai Tsarki za mu ɗauki Zabura 105 daga farko har ƙarshe, kowa ya zo da nasa da biro. Na gode, Ubangiji ya tsare mu.