Fitilar da Waya Ba Ta Shiga Cikinta: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ni mai aikin wayarin ne a Zariya, kuma na kai shekara 12 a wannan sana'a. Bara na sanya fitilun ado guda 16 a wata maɓuɓɓugar ruwa da ke harabar wani zauren biki, wasu a cikin ruwan, wasu kuma binne a daɓen da ke kewaye da ita. A jikin kwalayensu an rubuta IP67, kuma na ɗaure bakin kowace waya yadda ya kamata, amma kafin damina ta ɗauke guda 9 sun mutu. Da na buɗe su sai na iske ruwa kwance a ciki, ga tsatsa ta ci ƙafafun kayan. Mai wurin gani yake na ha'ince shi. Wani abokin aikina ya ce mini akwai fitilun da ake rufewa ruf, waya ba ta shiga cikinsu ko kaɗan, wai maganaɗisu ne ke kai musu wuta. Shin gaskiya ne ko daɗin bakin 'yan kasuwa ne? Idan gaskiya ne, su ne maganin matsalata?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka, amma bari mu fara wanke ka daga zargin ha'inci, domin abin da ya kashe fitilunka shi ne ainihin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro waɗanda yake magana a kai.

Lambar IP ta fito ne daga ƙa'idar IEC 60529 ta hukumar duniya mai tsara ma'aunin kayan lantarki. Lamba ta farko ƙura take nufi, kuma 6 ita ce mafi girma, wato ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ruwa take nufi, kuma ma'anar 7 ita ce an nutsar da abin a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30 bai sha ruwan da zai cutar da shi ba. Minti 30 ne kacal, a ɗakin gwaji, fitila tana sabuwa fil. Wadda za ta zauna cikin ruwa dare da rana IP68 take bukata, kuma a nan masu ƙera ta ne ke faɗin zurfin da aka gwada ta da tsawon lokacin, saboda haka sai an karanta takardarta. Waɗanda ka sanya a cikin ruwa ke nan an ɗora musu nauyin da ba nasu ba tun ranar farko.

Na daɓen kuwa wani abu ne daban ya cinye su, kuma shi ne wanda masu aiki ba su cika lura da shi ba: fitilar da aka rufe da zoben roba numfashi take yi. Akwai iska a cikinta, kuma idan rana ta dake ta, ko zafinta na kanta ya taru, iskar nan takan kumbura ta nemi hanyar fita. Idan zafin cikin ya tashi daga digiri 20 zuwa 60, matsin iskar yakan ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100, sai ta riƙa silalewa waje a hankali ta inda ya fi rauni. Can sai hadari ya taso, ruwan sama mai sanyi ya sauka a kan gilashin, iskar da ta rage a ciki ta tsuke farat ɗaya, fitilar ta koma tana zuƙo abin da ke waje da ƙarfin da ya yi daidai da a ce an nutsar da ita cikin ruwa mai zurfin fiye da mita 1. Abin da ke bakin ƙofa a lokacin kuwa ruwa ne. Inda ya fi rauni a kowace fitila shi ne ramin da waya ta bi ta shiga, domin a nan roba da ƙarfe da rigar waya suka haɗu, kowanne da irin yadda zafi ke buɗa shi, sanyi ke tsuke shi. Ko da bakin ramin ya ɗauru tamau, ruwa yana iya bin tsakanin silin tagullar da ke cikin wayar, kamar yadda kananzir ke bin lagwani, tun daga wani haɗi da aka naɗe da salatif can nesa har ya iso cikin fitilar. Tururin da ya shiga yakan zama raɓa idan dare ya yi, kuma ba ya fita da sauƙin da ya shiga.

To, idan ramin waya ne ƙofar ɓarna, sai masana suka ce a toshe ƙofar gaba ɗaya. Tushen dabarar tsoho ne. A 1831 Michael Faraday ya gano a Ingila cewa idan wutar da ke bin wani naɗin waya tana canzawa, takan haifar da maganaɗisu mai canzawa, shi kuma ya haifar da wuta a wani naɗin da ke kusa ko da ba su taɓa juna ba. Kowace taransifoma da ka taɓa gani a kan wannan take aiki. Fitilar da abokinka ya ambata taransifoma ce da aka raba gida biyu: naɗi na farko yana cikin mazauni da aka binne a bango ko a ƙasa, na biyu yana cikin fitilar tare da ƙwayoyin LED da kayan da ke daidaita musu wuta, an zuba musu danƙo ya daskare sun zama curi guda, ba rami, ba dunƙulen iska, ba ƙarfen da ke leƙe. Maganaɗisu ba ruwansa da roba ko gilashi ko ruwan daɗi, ratsa su yake yi ya wuce.

Za ka iya tambaya, me ya hana a raba taransifoma ta gida haka nan kawai? Wutarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma a wannan saurin ana bukatar ƙarfe mai nauyi da ya zagaye naɗin biyu ba tare da giɓi ba. Da zarar an bar tazara sai yawancin ƙarfin ya zube. Saboda haka akan sanya na'ura mai mayar da wutar ta riƙa kai da komo sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, domin gwargwadon saurin canjin maganaɗisu, gwargwadon wutar da yake haifarwa. Akan haɗa kowane naɗi da kafasita, wato ƙaramin abin da ke ɗan tara wuta ya sake ta, yadda ɓangarorin biyu za su amsa a sauri guda, kamar kalangu biyu da aka ɗaure wa tsarkiya daidai, sannan a maye gurbin ƙarfen da wani baƙin abu mai kama da gasasshen yumɓu da ake kira ferait, wanda ke tattara maganaɗisu ba tare da ya yi zafi sosai ba. Cajar wayar salula ta ɗorawa, mai bin ƙa'idar Qi da ta fito a 2010, da buroshin haƙori na lantarki da ake ajiyewa a kan mazauninsa a banɗaki, duk 'yan gida ɗaya ne da wannan fitila.

Inda aka fi raya wannan fasaha ta zama ta masana'antu shi ne Jami'ar Okland da ke Niyu Zilan, inda Farfesa John Boys da abokan aikinsa suka duƙufa a kanta tun farkon shekarun 1990. Kamfanin Daifuku na Japan ya karɓi lasisinta domin motocin ɗaukar kaya da ke tafiya a kan dogo a masana'antun da ba a son ko ƙwayar ƙura, kuma daga wannan bincike aka samu ƙananan fitilun da ake dasawa a kan titi domin nuna wa direbobi layi a hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da mashigar masu tafiya a ƙasa. Akan tsaga kwalta a shimfiɗa waya mai riga a rufe, a manna fitilun a samanta, kowace ta ɗebi rabonta daga maganaɗisun wayar. Idan babbar mota ta fasa ɗaya, sai a ɓamɓare ta a manna wata, ba a taɓa wayar ba, sauran kuma suna ci gaba da ci. A wuraren ninkaya kuwa mazaunin kamar kofi yake a jikin bango, ana zare fitila a cusa sabuwa ba tare da an kwashe ruwan ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Na farko, kuma wanda ya fi damuna game da ƙasarmu, shi ne zafi. Danƙon da ya hana ruwa shiga shi ne kuma ke rage wa zafi hanyar fita, ga shi ba a iya sanya ƙarfe tsakanin naɗin biyu, domin maganaɗisun zai haifar da wuta mai zagaye a cikinsa ya dafa shi a banza. LED kuwa zafi ne ajalinta, haka ma kafasita mai ruwa a ciki, wadda masu ƙera ta ke ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. Fitilar da ke cikin ruwa ta huta, ruwan ne ke shanye mata zafi. Amma wadda ke binne a daɓen siminti a watan Afrilu, ko wadda aka bari a kunne bayan an kwashe ruwan maɓuɓɓuga, tana iya gudun ruwa ta faɗa hannun zafi. Na biyu, wani kaso na wutar yana ɓacewa a tsakani, kuma asarar tana ƙaruwa da tazara ko karkacewar zama. A gwajin da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka yi a 2007, sun kunna ƙwan fitila mai wat 60 daga nisan mita 2, amma kusan kashi 40 cikin 100 na wutar ne ya isa. Shi ya sa a aikace ake manne naɗin biyu kusa da juna, bangon roba kawai ke tsakaninsu. Na uku, ba a gyara ta, in ta mutu sai sabuwa, kuma galibi fitilar wani kamfani ba ta hawa mazaunin wani, don haka wanda ya saya ba tare da fitilun canji ba ya ɗaure kansa. Kada kuma a manta cewa mazaunin shi ma waya ke shiga cikinsa. Bambancin shi ne a masana'anta aka daskarar da bakinta cikin danƙo, kai kuma aikinka shi ne ka kai ɗaya ƙarshen wurin da ruwa ba ya isa kafin ka yi haɗi.

Ra'ayina shi ne, ga fitilun cikin ruwan, idan mai wurin zai iya kuɗin kuma mai sayarwa zai ba ku fitilun canji, sun cancanci a saya. Ga na daɓe kuwa, da kuma idan aljihu bai kai ba, nemi masu IP68 waɗanda aka cika da danƙo kuma suka zo da doguwar wayarsu daga masana'anta, ka yi duk haɗinka a akwatin da ke sama da ruwa ko ka cika shi da danƙon haɗi, ka zuba tsakuwa a ƙarƙashin kowace fitilar daɓe domin ruwa ya tsiyaye. Kada wutar da ke shiga ruwa ta wuce bolt 12, ta fito daga taransifoma mai raba ta da wutar gida wadda aka ajiye nesa da ruwan, a kuma tsare layin da makatsa mai yanke wuta idan yoyo ya kai miliyamfiya 30.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Maraɗi. Na karanta cewa wasu fitilun titi da na manyan ɗakunan ajiya ana kiransu fitilun maganaɗisu. Su ne waɗannan da ba su da waya?

Amsa: A'a ɗana, suna ne ya zo ɗaya. Waɗanda ka karanta dangin doguwar fitilar nan ce mai farin haske, sai dai an cire mata silin ƙarfen da ke bakinta biyu, wanda shi ne ke fara ƙonewa. Naɗin waya ne ke tura maganaɗisu ya ratsa gilashin ya motsa tururin zaiba da ke ciki, shi kuma ya sa farin shafen da ke jikin gilashin ya yi haske. Kamfanin Philips ya fitar da irinta mai suna QL a farkon shekarun 1990, kuma an san su da daɗewa na dubban sa'o'i masu yawa. Ƙwan ne kawai waya ba ta ratsa ba, amma gidan fitilar yana da ramin waya kamar kowane, saboda haka ruwa yana iya shiga ya lalata na'urar da ke tuƙa ta. LED ta riga ta karɓe musu yawancin kasuwa.

Tambaya: Malam Injiniya, muna shirin gina ɗan wurin wanka na yara a gidanmu a Kaduna, kuma an kawo mana shawarar irin waɗannan fitilu. Idan yaro ya zare fitilar ya zura hannu a ramin, wuta ba za ta ja shi ba?

Amsa: Hajiya, wannan shi ne babban abin da ake sayensu dominsa. Ramin roba ce zalla, babu ƙarfe mai ɗauke da wuta da hannu zai taɓa, kuma jikin mutum ba naɗin waya ba ne da zai karɓi wutar yadda fitilar ke karɓa. Maganaɗisun ma yana raunana da sauri da zarar an ɗan matsa daga mazaunin. Abin da za ki kiyaye shi ne ƙarfe: zobe ko kwabo ko murfin kwalba da ya maƙale a ramin yana iya ɗaukar zafi, saboda haka ki tambayi mai sayarwa ko na'urar tana rage wuta da kanta idan ta ji babu fitila ko ta ji baƙon ƙarfe, kamar yadda cajar waya ta kirki ke yi. Idan akwai wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a gidan, kada ya jingina ƙirjinsa da mazaunin, ya kuma nemi shawarar likitansa. Kamfanin Apple ma ya shawarci irin waɗannan mutane su bar tazarar fiye da santimita 30 tsakaninsu da wayar da ake caja ta ɗorawa.

Ki kuma sa a duba famfon da ke juya ruwan da kyau, domin shi da wutar gida mai bolt 230 yake aiki, kuma ingancin fitilun ba zai rufe aibinsa ba. A tabbatar an haɗa shi da wayar ƙasa, an sanya masa makatsar yoyo, an kuma ajiye shi tare da na'urar da ke tuƙa fitilun a ɗaki mai makulli wanda yara ba sa shiga.