Filin Amsoshinku: Zan iya sallamar ma'aikaci in riƙe albashinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan burodi a Tudun Wada, Kaduna, da ma'aikata 18. Yaron da ke kai wa masu shago burodi, wanda ya shekara 3 da ni, kullum sai an samu giɓi a kuɗin da yake kawowa. Ina so in sallame shi, in riƙe albashinsa na wannan wata a madadin kuɗina. Ba mu taɓa rubuta komai a tsakaninmu ba. Doka ta ba ni wannan dama?
Daga wani mai gidan burodi, Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sallama kam kana da ikon yi, amma riƙe albashin ka janye shi. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana ubangida cire kuɗin asara daga albashin ma'aikaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, wanda za ka nema a ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke nan Kaduna. Ko an ba ka izinin, duk abin da za a cire a wata ɗaya ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba.

Hanyar sallama biyu ce. Ta farko ita ce sanarwa, kuma sashe na 11 ya ƙayyade ta: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya har zuwa ƙasa da shekara 2, mako biyu daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata ɗaya daga shekara 5. Yaronka na mako biyu ne, a rubuce, ko ka biya shi kuɗin makonnin.

Ta biyu ita ce kora nan take saboda babban laifi, kuma a nan iyayen gida suka fi faɗawa rami, domin fushi ne yakan ja su. Ka fara ba shi takardar tuhuma mai ɗauke da ranakun da aka samu giɓin, da yawan burodin da ya ɗauka, da kuɗin da ya dawo da su. Ka ba shi kamar kwana biyu ya amsa a rubuce. Sannan ku zauna gaban shaidu, a saurare shi, a rubuta abin da aka tattauna, kowa ya sa hannu. Ka tuntuɓi masu shagon ma, don sau da yawa giɓin bashi ne da aka bayar ba a rubuta ba. In littafinka bai nuna hujja ba, kada ka rubuta masa "sata" a takardar sallama, kada kuma ka ƙwace wayarsa ko ka tsare shi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kaduna, takan duba dalilin korar da kuma ko an ba mutum damar kare kansa.

Rashin takarda bai kare ka ba ko kaɗan. Yarjejeniyar baki tana da ƙarfi, alat ɗin albashi da shaidar abokan aiki sun isa su tabbatar da ita. Hasali ma sashe na 7 ya wajabta maka ba kowane ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da fara aikinsa. Ka rubuta wa sauran 17 ɗin tasu tun yanzu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, wanda ya fi damun mu. Mafi ƙarancin albashi na N70,000 bai hau kanka ba tunda ma'aikatanka ba su kai 25 ba, amma dokar fansho ta 2014 ta kama mai ma'aikata 15 zuwa sama. Kai za ka zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin, ma'aikaci kashi 8, a tura asusun fanshonsa cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Lauyan yaron zai fara tono wannan idan magana ta kai kotu.

Tambaya: Injin ya datse wa ma'aikacina yatsu biyu a kamfanina na ruwan leda a Kakuri. Na biya kuɗin asibiti. Da sauran wani abu a kaina?

Amsa: Da saura, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ki sanar da NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, cikin kwana 7 da faruwar raunin. Ita ke biyan diyya, daga kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin wata da kowane kamfani ke zubawa daga aljihunsa, ba daga albashin ma'aikata ba. In ba ki yi rajista ba, ki je ofishinsu da takardun asibiti ki daidaita bashin baya. Kada ki sa shi ya sa hannu cewa ya yafe diyya, dokar ba ta amince da irin wannan takarda ba. Ki kuma sa a mayar wa injin murfinsa na kariya kafin wani ya sake tsayawa a kansa.