Dokin Dongola na Larabawa ne, ko wani iri ne daban?

Malam, ka tambaya ko ingarmun da ake kawowa Kaduna da sunan Dongola dawakin Larabawa ne, kuma ko don ado kawai aka san su. A'a, duka biyun.

Sunan daga garin Dongola ne a arewacin Sudan, kuma masana sun fi danganta shi da dokin Barb na Arewacin Afirka. Dubi fuska: na Larabawa hancinsa a lotse yake, wutsiya a ɗage. Dongola kuwa doron hancinsa a tashe yake, kai babba, ƙafafu dogaye masu yawan farin sawu, ƙirji matsattse, kuturi a zube. Masu musu suna kafa hujja da jinin Larabawa da ya gauraya da shi, amma gauraye ba ya sauya asali, kuma yawancin namu ruwa biyu ne.

Tun asali dokin yaƙi ne. Mayaƙan Barno da ƙasar Hausa sun so dogon doki mai iya ɗaukar lifidi da mahayi mai sulke. Abin da ya hana shi yin kudu sosai ƙudan tsando ne mai sa sammore. In za ka saya, fara duba haƙora da kofato.