Amsoshin wasiƙunku: kwas, laftof, kalkuleta da digirin jabu

Assalamu alaikum jama'a. Wasiƙun wannan karon kusan duk na sababbin ɗalibai ne da iyayensu, da alama adimishan ya fito kowa hannunsa na ƙaiƙayin kashe kuɗi. Na haɗa masu kama da juna, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri.

Tambaya: Malam na samu makanikal injiniyarin, yayana ya ce zai saya min laftof, ni kuma MacBook raina yake so. Ya ka gani?

Amsa: Ƙanena, ranka ne yake so ko kuwa so kake a ga tambarin in ka buɗe ta a aji? SolidWorks da za ku riƙa zana sassan inji da shi a Windows kaɗai yake tashi, haka ma Revit na 'yan zanen gini. AutoCAD na zane da MATLAB na lissafi suna da na Mac ban musa ba, amma ranar da lakcara ya ba da aiki da SolidWorks kai ne za ka koma bin ɗakunan abokai kana aro alhali taka na cikin jaka. Sannan ma meye na gaggawa, shekarar farko ai lissafi ne da fiziks da kemistiri da zane da fensir da rula, ka bari ka shiga tukuna ka tambayi 'yan aji uku da aji huɗu abin da suke aiki da shi. In lokacin ya yi ka nemi mai RAM (wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai) 16GB, in hali bai kai ba 8GB amma wadda za a iya ƙara mata nan gaba, kuma lallai ta zama mai SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri. Idan ta hannu ce kar ka yarda da "ai batirinta na kai awa shida", a gaban mai sayarwa ka buɗe Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai haɗa maka fayil da ke nuna ƙarfin da batirin ya zo da shi daga kamfani da abin da ya rage masa yau, in ka ga ya zube zuwa rabi to ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Kuma kada ka biya kowa ya saka maka AutoCAD na sata, Autodesk na ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta ana sabuntawa muddin kana makaranta. MATLAB kuwa in makarantarku ba ta biya ba, GNU Octave kyauta ne kuma zai yi maka mafi yawan aikin aji.

Tambaya: Wane kwas ne babu lissafi, babu karatun dare, kuma da an gama sai kuɗi?

Amsa: In ka same shi ka turo min nima in cike fom. Nazarin tattalin arziki lissafi ne, kwamfuta sayans lissafi ne, 'yan nazarin halayyar jama'a ma sai sun yi ƙididdiga kafin su rubuta furojet, wanda kuma ya gudu tarihi ko shari'a tulin shafuka ne ke jiransa. Kai dai ba karatun kake so ba. Na gaba.

Tambaya: Malam ina cikin damuwa. Lauya na so in zama sai aka ba ni adabi, a gida kowa cewa yake ɓata shekaru ne wai me ake ci da labari da waƙa. Tun ina ƙarama nake son karance-karance amma yanzu har kunyar faɗin kwas ɗin nake. In karɓa ko in jira baɗi? Kuma jerin littattafan da aka ba mu ya fi ƙarfina.

Amsa: Allah sarki 'yata, kwantar da hankalinki, babu abin kunya a nan. Ba zan yi miki daɗin baki ba, adabi ba kamar likitanci ba ne da ana gamawa an san ƙofar da za a shiga, ke ce za ki haɗa shi da wani abu tun kina aji biyu, ko fassara ko gyaran rubutu ko jarida ko koyarwa ko ki ƙara wani harshe a kai. Amma abin da za a horar da ke a kai, ki karanta shafi ɗari ki gane abin da aka faɗa da abin da aka sakaya sannan ki zauna ki rubuta hujjarki a tsare, ai rabin aikin lauya ke nan. A Amurka ma ba a shiga makarantar lauyoyi sai an gama digirin farko a wani fannin, kuma 'yan adabi da tarihi da falsafa suna cikin masu shiga. Ƙofar ba ta rufe ba. Batun jira, shekara guda a gida ba ƙaramar asara ba ce kuma babu wanda ya ba ki tabbacin baɗi za a ba ki shari'ar, ni dai da 'yar cikina ce cewa zan yi ta karɓa, ta je ofishin sashe da ƙafarta ta tambayi ƙa'idar canjin kwas bayan shekarar farko, ba ta tsaya jin ta bakin ɗalibai ba. Littattafai kuwa babu mai sayen jerin nan gaba ɗaya. Tsofaffin da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, tun 1971 ake tara su yanzu sun haura dubu 70. Ki sayi biyu ko uku da za ki yi ta ja wa layi kina rubutu a gefe, kuma ki nemi bugun da lakcara ke riƙe da shi saboda lambar shafi ta zo ɗaya, sauran ku raba da ƙawaye ku yi musaya, ga laburare kuma. Ki rubuto min bayan samista ta farko in ji yadda ake ciki.

Tambaya: Malam ɗana zai fara nazarin addinin Musulunci a jami'a, na yi niyyar in saya masa manyan littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu masu mujalladai da yawa ya tafi da su. Da wanne zan fara?

Amsa: Baba Allah Ya saka da alheri, niyya ta yi kyau, amma a ɗan dakata. Ya Larabcin yaron yake? In nahawu da sarfu ba su zauna ba mujalladan nan ado za su zama a kanta. Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961, wanda Larabcinsa bai nuna ba sai ya fara zama a ma'ahadin koyon harshe kafin ya shiga kulliya, haka su ma masu nazarin addinin Kirista da gaske sai sun sha fama da Girkanci da Ibrananci. A fara da ƙamus mai kyau da littafin nahawu. Sannan bugu suna suka tara, littafi ɗaya za ka samu wani bugun an yi masa tahƙiƙi da kyau wani kuma layi ya faɗi wasali ya karkace, lambobin hadisai ma sukan saɓa daga bugu zuwa bugu. A bari malamansa su faɗi bugun da suke so. Don bincike akwai manhajar Maktabatus Shamila kyauta da dubban littattafai a ciki, sai dai in zai kafa hujja a rubuce ya koma ya duba bugun takarda.

Tambaya: An ce mu zo da kalkuleta na sayans. Na ga Casio fx-991ES Plus iri biyu kamanninsu ɗaya, amma ɗaya bai kai rabin kuɗin ɗayan ba. Ba duk lissafi ɗaya suke yi ba?

Amsa: A'a. Kuma masu bibiyar shafin nan sun san an taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, sai ku gyara zama. Mai arahar nan jabu ne. Biyu sau biyu zai ba ka huɗu, a nan ne yake yaudarar mutane, amma ranar da ka ba shi intigireshan ko matiriks za ka ga ya tsaya yana tunani kai kana kallon agogo, wani ya daskare, wani ka danna 7 sau ɗaya ya ƙi shiga ka danna da ƙarfi ya shiga sau biyu, kuma ba a ɗakinka zai yi maka haka ba sai a zauren jarrabawa inda ba a barin waya kuma ba a aro. Araha ba ta ado. Ka juya shi ka kwance bayan ka cire ɗan batirin LR44 ɗin nan ka kai shi haske, na gaske zai kunna da sola, jabun da yawa baƙar roba ce kawai aka manna a wurin. Wannan ma ba ya isa shi kaɗai don wasu jabun sun waye, ka haɗa da duba rubutun maɓallan ko ya karkace da yadda murfin ke zama. Masu neman fx-991EX da ya fito a 2015 ku ƙara lura, Casio ta riga ta maye gurbinsa da fx-991CW, to in kun ga an jibge shi sabo fil kwali-kwali ku yi tambaya, fx-991EX na gaske yana fito da lambar QR a allo in an danna SHIFT da OPTN, a ɗauka da waya a ga ko za ta kai ku shafin Casio. Kuma kafin ka sayi mai tsada sosai ka duba dokar jarrabawarku, wurare da yawa ba sa barin wanda ake iya saka wa furogiram.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yaron da zai tsaya yana ƙorafin kuɗin kalkuleta da zai yi shekara huɗu ko biyar da shi, shi ne a wata guda zai ƙona fiye da haka a data yana kallon bidiyo. Haka littattafan sata da ake bugawa a ɓoye. Mai karanta ƙagaggen labari in harafi ya dushe zai iya cankar kalmar, amma kai ɗan injiniyarin da kake duba teburin tururi (jadawalin lambobin zafi da matsin tururi) ɗigon da ke tsakanin lambobi ya ɓace 1.25 ta koma 125 me za ka canka? Ɗan kemistiri ƙananan lambobin ƙasan haruffa sun zama tabo, ɗan likitanci hoton da aka bambanta jijiyoyi da ja da shuɗi ya dawo baƙi da fari, shafi 212 na bin 180 ba ka ankara ba sai daren jarrabawa. In babu kuɗin sabo ka sayi tsohon bugu na gaske a hannun wanda ya gama, dokokin Newton ba su canza ba tun 1687. Jami'ar Rice ta Amurka tun 2012 take fitar da littattafan OpenStax kyauta, kalkulas da fiziks da kemistiri da bayoloji, jami'ar MIT kuma ta zuba darussanta a shafin OpenCourseWare babu ko sisi. Wane uzuri ya rage?

Tunda muna kan jabu bari in haɗa da wasiƙar wani ma'aikaci da ya ce ya ga talla a Facebook, wata jami'ar waje za ta ba shi mastas cikin wata uku babu jarrabawa wai za a lissafa masa shekarun da ya yi yana aiki, ya biya? Ɗan'uwa wallahi kada ka soma. A watan Mayun 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo wani kamfani a Karachi ta Pakistan mai suna Axact, da shafukan intanet aƙalla 370 na jami'o'i da makarantun sakandare da hukumomin tantancewa duk na ƙarya, farfesoshin da ke murmushi a bidiyonsu 'yan wasa ne aka ɗauko haya, kuma bayan mutum ya saya sai a sake kiransa a waya da sunan jami'an gwamnati a ce sai ya ƙara biyan kuɗin takardar tabbatarwa. Ka lura da wannan, har hukumar da ta "tantance" su su ne suka ƙirƙire ta, saboda haka tambarin zinare a shafinsu ba hujja ba ne. Ka je shafin hukumar da ke kula da jami'o'i a ƙasar da suka ce suna ciki ka nemi sunansu, ka duba kundin WHED na ƙungiyar jami'o'i ta duniya, sannan ka tambayi hukumar ƙasarka ko tana karɓar takardar. Kuma ko jami'ar ta gaske ce wannan bai wanke kowane kwas da ke cikinta ba, injiniyarin da likitanci da shari'a da haɗa magunguna kowanne akwai hukumar masu sana'ar da sai ta amince da kwas ɗin kafin ta yi maka rajista. Mai son aikin injiniya a ƙetare ya duba ko hukumar da ta tantance kwas ɗinsa na cikin yarjejeniyar Washington Accord ta 1989, wadda hukumomin da ke cikinta ke amincewa da digirin injiniyarin na juna, ɗan likitanci ya nemi makarantar a World Directory of Medical Schools. Karatu ta intanet ba laifi ba ne, akwai na gaske, amma na gasken yana da aiki da jarrabawa kuma ana faɗuwa. Satifiket ɗin gajeren kwas na shafin karatu na Coursera ma yana da amfaninsa, kawai kar ka kira shi digiri. Wanda ya sayi jabun kalkuleta samista ɗaya zai yi kuka, wanda ya sayi jabun digiri kuwa ranar da aka yi tantancewa a ofis aikin ne zai tafi gaba ɗaya, wani har kotu, ga iyali suna kallo.

Tambaya: Na samu likitanci alhamdulillahi. Wane irin abin sauraren bugun zuciya zan saya, wanda likitoci ke ratayawa a wuya?

Amsa: Barka ƙanwata, Allah Ya sa albarka. Ba yanzu ba. Akwai anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri a gabanki kafin ki taɓa majiyyaci, ki sayi farar rigar lab da safar hannu, shi kuma sai an ce ku shiga asibiti. In hoto ne matsalar ki ari na 'yar aji huɗu.